Labarin Fatrik, Bawan Da Ya Koma Ƙasar Bautarsa

Ran 17 ga watan Maris kowace shekara, sa'ad da bazara ta ke shigowa a nan ƙasar Haɗejiya, ruwa ya janye daga fadamu, makiyaya sun sauko da shanunsu bakin kogi, tsuntsayen nan kuwa da su kan zo mana daga Turai suna shirin komawa gida, a ran nan ne mutanen wani tsibiri da a ke kira Ayilan su ke yin babban idinsu. Ba a ƙasarsu kaɗai su ke yinsa ba. Duk inda ɗan Ayilan ya ke a duniya, ko Amurka, ko Ingila, ko Ikko, ya kan sa tufa mai launin kore, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa su shiga birni kallon jerin gwano. A birnin Niyok tun shekara ta 1762 a ke yin wannan jeri. A Shikago kuwa, tun 1962, har ruwan kogin garin su kan rina ya koma kore.

Mai idin sunansa Fatrik. Ya kamata ka san shi, gama tun shekara ta 1961 ikilisiyar Katolika ta ɗauke shi waliyyin ƙasar Nijeriya, Angalika kuma suna girmama shi, yara da makarantu da majami'u masu yawa a ƙasarmu suna amsa sunansa. Amma da yawa cikin masu rawa a ranarsa ba su san ko wane ne shi ba. Shi ba ɗan Ayilan ba ne ma. Bawa ne da aka kamo aka kai can.

An haife shi a Biritaniya, a ƙarshen zamanin da Rumawa su ke mulkinta, ya yi aikinsa cikin ƙarni na 5 bayan haihuwar Almasihu. Takardu biyu ya bari da hannunsa cikin harshen Latin, ɗaya ta ba da shaidar rayuwarsa, ɗaya kuwa wasiƙa ce zuwa ga sojojin wani sarkin yaƙi. Abin da zan gaya maka daga cikinsu ya fito. Ubansa, Kalfurniyus, dikin ne na ikilisiya, mai sarauta kuma a majalisar garinsu, yana da gona da bayi. Kakansa, Fotitus, firist ne. Ka ga gidan masu bi ne tun kaka. Duk da haka yaron ya tashi bai san Allah ba, bai kuwa kula da gargaɗin malamai ba, kamar yadda shi da kansa ya shaida daga baya. Ka lura da wannan, kai da ka shigo jiya kana jin kunya a gaban waɗanda aka haifa a ciki. Ba a gādon bangaskiya kamar yadda a ke gādon gona.

Yana da shekara wajen 16 mahara suka ƙetaro teku daga Ayilan, suka fāɗa wa gonar ubansa, suka kama shi tare da mutane masu ɗimbin yawa, suka zuba su a jirage. Mu mutanen ƙasar nan ba sai an fassara mana wannan ba. Kakanninmu sun ga irinsa a tsakiyar ƙarni na 19, zamanin yaƙe-yaƙen Sarki Buhari, sa'ad da yaro zai fita kiwo da safe, kafin magariba yana ɗaure a bayan doki. Sai a shekara ta 1901 Turawa suka yi shela cewa duk wanda aka haifa daga nan gaba ɗa ne, bautar kanta kuwa ba a soke ta ƙaf a Arewa ba sai 1936. Tsofaffin da suka rene mu sun san mutanen da aka saya da kuɗi.

Aka sa shi kiwon dabbobi, shekara shida. Ƙasar Ayilan ba kamar tamu ba ce. Ruwan sama ba shi da damina ba shi da rani, sanyin kuwa ya wuce hunturun da masunta su ke sha a bakin kogi da asuba, har ruwa ya kan daskare a ƙasa. Yaron da ya saba da barori ya zama ba shi da kowa, ba ya jin harshen mutane, ba mai kiransa da sunan ubansa. A nan ne abin da ya ji a gida da kunne ɗaya ya farka a zuciyarsa. Ya fara addu'a. A yini ɗaya ya kan yi kamar sau ɗari, da dare kuma kusan haka, a cikin kurmi da kan dutse, ya kan tashi tun gari bai waye ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, bai kuwa ji ƙyuya ba. Babu majami'a kusa da shi, babu littafi a hannunsa, babu malami. In kana zaune a ƙauyen da kai kaɗai ne mai bi, tafiya zuwa wurin sujada kuwa sai ka hau kwalekwale in ruwa ya cika, kada ka ce hanya ta toshe maka. Wannan yaro a bayan tumaki ya koyi addu'a.

Bai ɗauki kamun nan a kan mugun ƙaddara kaɗai ba. Ya lissafta shi horo ne daga wurin Uba, ya kwatanta kansa da dutse da ya nutse cikin taɓo, sai Mai Iko ya zo ya ciro shi ya aza shi a kan katanga. Ban ce maka maharan sun yi daidai ba, shi ma bai ce haka ba, za ka kuwa gani nan gaba yadda ya yi da masu kama mutane.

Wata rana da dare, cikin barci, aka gaya masa ya kusa komawa ƙasarsa, bayan kwanaki kaɗan kuma aka ce jirginsa ya shirya. Jirgin nan ba kusa ya ke ba, wajen mil 200 ne, ya fi nisan Haɗejiya zuwa Kano sosai, a wurin da bai taɓa zuwa ba, bai kuwa san kowa ba. Ya gudu. Da ya iso, shugaban jirgin ya kore shi da fushi. Ya juya zuwa bukkar da ya sauka yana addu'a a hanya, kafin ya gama sai ga ɗayansu yana ƙwala masa kira ya dawo. Akwai wata al'ada ta mutanen nan, wanda ya ke neman a karɓe shi da amana ya kan tsotsi ƙirjin wanda ya ke nema ya tsare shi, alamar ya shiga hannunsa ke nan. Suka nemi ya yi, ya ƙi saboda tsoron Allah. Ka duba fa, bawa gudajje, ba shi da ko anini, jirgin nan kuwa shi kaɗai ne ƙofarsa. Suka ɗauke shi duk da haka.

Kwana uku suka yi a teku, sa'an nan kwana 28 suna tafiya cikin ƙasar da ba kowa, har guzuri ya ƙare, waɗansu suka fāɗi rabi a mace. Shugaban ya juyo kansa da ba'a, ya tambaye shi in Allahnsa mai iko ne don me ba zai roƙa musu abinci ba. Fatrik ya ce su juyo ga Ubangiji da zuciya ɗaya. Ba a jima ba garken aladu ya ɓullo a hanya, suka yanka, suka zauna kwana biyu suna ci har ƙarfinsu ya komo. Suka kuma sami zuma a jeji, suka miƙa masa, amma da ɗayansu ya ce an riga an yi hadaya da ita ga abin da su ke bauta wa, bai ɗanɗana ba.

Bayan waɗansu shekaru ya isa gida. Danginsa suka karɓe shi kamar wanda ya tashi daga kabari, suka roƙe shi da gaske kada ya sāke barinsu, bayan wahalar da ya sha. Wa zai ga laifinsu?

To, a nan ne labarin ya ke da nauyi. Cikin mafarki ya ga wani mutum mai suna Biktorikus ya zo kamar daga Ayilan da wasiƙu ba iyaka, ya miƙa masa ɗaya. Yana fara karantawa sai ya ji kamar muryar mutanen da ke kusa da kurmin Foklut, wajen tekun yamma, suna kiransa da baki ɗaya ya dawo ya yi tafiya a cikinsu. Abin ya soke shi a zuciya har ya kasa ƙarasa karatun, ya farka.

Ka tsaya ka auna. Mutanen nan su ne suka sace ƙuruciyarsa. Shekarun da tsararrakinsa suka yi suna koyon karatu da shari'a shi ya yi su a bayan dabbobi, har tsufansa kuma yana jin kunyar Latin ɗinsa, yana kiran kansa baƙauye marar ilimi. Mu kan ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, da ya tara samari ya ƙetare teku da takobi, ba wanda zai zarge shi a zamanin nan. Da ya zauna gida kuma ya ce ya yafe musu daga nesa, da mun yaba masa. Amma ya yi karatu, aka naɗa shi dikin, daga baya bishof, ya sayar da darajar gidansu, ya koma wurinsu da bishara cikin harshen da ya koya a bauta. Bai ƙara ganin ƙasarsa ba. Ya yi marmarin zuwa ganin danginsa, ya kuma so ya ziyarci 'yan'uwa a ƙasar Gal, wadda a ke kira Faransa yanzu, amma ya ga Ruhu ya ɗaure shi, yana tsoron kada aikin ya lalace a bayansa.

Ni a ganina, yafewar da ta tsaya a baki ba ta kai rabin wannan ba. Akwai mai bi da zai ce maka ya yafe wa ɗan'uwansa da ya cinye masa gonar fadama, ko makiyayin da shanunsa suka shiga shinkafarsa, amma shekara goma bai taka ƙofar gidansa ba, ko gaisuwar mutuwa. Ba kowa a ke kira ya ƙetare teku ba. Ƙetare rariya fa?

Littattafan tarihin Ayilan sun sa zuwansa a shekara ta 432, shekara ɗaya bayan Fafaroma Selestin ya aiki wani bishof mai suna Faladiyus zuwa ga masu bi da ke can. Wato ba shi ne ya fara kai sunan Almasihu tsibirin ba. Abin da ya yi shi ne ya shiga lungunan da ba wanda ya taɓa zuwa yin baftisma, har bakin tekun yamma, inda mutanen zamanin su ke tsammani nan duniya ta ƙare. Ƙasar ba ta da sarki ɗaya, ƙananan sarakuna ne barkatai, baƙo kuwa ba shi da haƙƙi a gaban shari'a sai in wani babba ya tsaya masa. Ya yi wa dubban mutane baftisma, ya naɗa firistoci ko'ina. 'Ya'yan sarakuna, maza da mata, suka ba da kansu ga Almasihu, iyaye kuwa suna tsananta musu. Amma waɗanda ya fi jin tausayinsu su ne kuyangi masu bi, gama su ne a ke yi wa barazana kullum, ba su da inda za su kai kuka, duk da haka suka jimre. Wanda bai taɓa zama bawa ba da wuya ya tuna da su cikin takardarsa.

Ga wani abu game da kuɗi, ina so ka riƙe shi, musamman in wata rana aka ba ka aikin ikilisiya. Mata masu bi su kan kawo masa kyautai, har su ajiye kayan adonsu a kan bagadi. Ya kan mayar musu, su kuwa su ji haushi. Ya san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ya kuma san marasa bi suna zuba ido su sami abin faɗi. Saboda haka ya iya tsayawa a gaban kowa ya ce wanda ya taɓa ba shi ko rabin ƙaramin kuɗi domin baftisma, ko kuɗin takalmi domin naɗi, ya fito ya karɓi abinsa. Shi ne ma ya ke kashewa. Ya kan kai wa sarakuna gaisuwa domin su bar shi ya wuce, ya biya 'ya'yansu da ke raka shi, abin da ya ba alƙalan ƙasar kuwa ya lissafta ya kai kuɗin mutum 15. Duk da haka wata rana suka kama shi da abokan tafiyarsa, suka kwashe kayansu, suka sa shi a mari, suna so su kashe shi. A rana ta 14 aka sake shi ta hannun waɗansu abokai, aka mayar masa da kayansa.

Amma mari bai yi masa ciwo kamar abin da ya zo masa daga cikin gida ba. Tun kafin ya zama dikin, zuciyarsa ta dame shi a kan wani zunubi da ya yi yana yaro ɗan shekara wajen 15, cikin sa'a ɗaya, tun bai san Allah ba. Ya faɗa wa amininsa, wanda ya fi kowa kusa da shi. Aminin nan shi ne da bakinsa ya yi masa albishir cewa zai zama bishof. Bayan shekara 30, sa'ad da dattawan ikilisiya a Biritaniya suka zauna a kan maganarsa ba ya nan, sai mutumin nan ya tone asirin a gaban kowa. Aka ƙi Fatrik, aka kunyata shi, ya kusa fāɗuwa ƙasa warwas. Da dare Ubangiji ya ƙarfafa shi cikin wahayi, ya nuna masa yana tare da shi. Da ya zo rubuta labarin, bai ambaci sunan mutumin ba, ya ce ma baƙin cikinsa domin aminin ya fi wanda ya ke yi domin kansa.

Abu biyu ke nan a gare ka. Mai tuba ya kan ji nauyin abin da ya wuce, ya nemi wanda zai sauke wa. In kai aka zaɓa, ka sani ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da aka faɗa maka da hawaye ba naka ba ne, ko bayan shekara talatin, ko kun ɓata. In kuwa kai ne aka tona, aka ce ai mun san ka tun kana kaza, ga mutum nan da aka yi wa haka yana bishof, bai musunta ba, bai kuwa ajiye aikinsa ba.

Kada ka ɗauka mai yafewa ba ya fushi. Wani sarkin yaƙi na Biritaniya mai suna Korotikus, wanda shi da sojojinsa su ke amsa sunan Kirista, ya kai hari Ayilan, ya fāɗa wa sababbin masu bi kwana ɗaya bayan baftismarsu, suna cikin fararen tufafinsu, man shafewa bai bushe a goshinsu ba. Aka kashe waɗansu, aka kwashe sauran domin a sayar wa Fiktawa da waɗansu arna na arewa. Fatrik ya aiki wani firist da ya koyar tun yana yaro, ya roƙa a mayar da kamammun. Suka yi musu dariya. Sai ya rubuta wasiƙar nan ta biyu da ta rage mana, ya umarta a karanta ta a fili, ko a gaban Korotikus kansa. Ya ƙi kiransu 'yan ƙasarsa. Ya hana masu bi su ci ko su sha tare da su, ko su karɓi sadakarsu, sai sun tuba sun saki bayin. Ya tuna musu cewa Kiristan Gal su kan aika da dubban kuɗin zinariya su fanso 'yan'uwansu daga hannun Farankawa, su kuwa ga su suna sayar da nasu. Ya kuma gane abin da ke ƙarƙashin maganar, wato a wurin mutanen Biritaniya ɗan Ayilan ba cikakken ɗan'uwa ba ne ko an yi masa baftisma, sai ya lissafta kansa cikin waɗanda a ke rainawa. Laifin da aka yi wa jikinsa ya bar shi, wanda aka yi wa marasa ƙarfi kuwa bai yi shiru a kansa ba. Ko a cikin zafin nan, ƙofar tuba ya bar wa maharan a buɗe.

Akwai labaru da a ke ba yara, cewa ya kori macizai daga tsibirin, ko ya ɗauki ɗan ganye mai kunne uku ya koya wa mutane asirin Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Babu ko ɗaya cikin takardunsa. Ayilan ba ta da macizai tun kafin zuwansa, maganar ganyen kuwa sai bayan shekara fiye da dubu aka fara rubuta ta. Ganyen nan ne su ke maƙalawa a riga ran idin.

Idin ya bazu cikin duniya ta hanyar wahala. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta kama dankalin da talakawan Ayilan su ke dogara da shi, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wajen miliyan kuma suka bar ƙasar. Baƙi a biranen mutane, ranar Fatrik ta zama musu ranar tuna gida. A tsibirin Monsarat kuwa, can yammacin teku, baƙaƙen mutane su ma suna hutu ran 17 ga Maris, amma suna tuna kakanninsu bayi da suka shirya tayar wa iyayengijinsu a wannan rana a 1768. Ba zan ɓoye maka ba, a birane da yawa idin ya koma ranar shan giya, ko da ya ke cikin azumin kwana arba'in ya ke fāɗuwa. In ka kai iyalinka Kano ko wani birni a ranar, ku fara da sujada, ku ci abinci tare, ka ba yaranka labarin makiyayin nan, ka kuma lissafta kuɗin komowa tun kafin ka shiga kasuwa.

Zuriyar waɗanda ya yi wa wa'azi sun iso har ƙasarmu. Ran idinsa na shekara ta 1932, shekarar da aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, aka kafa ƙungiyar mishan mai sunansa a Kiltigan ta Ayilan domin aiki a Nijeriya. A 1948 sistocin Sen Luwis suka zo Kano daga can suka buɗe makaranta. Bishof na fari na dayosis ɗin Kano, wanda Jigawa ta ke cikinsa, ɗan Ayilan ne mai suna Fatrik Shihan, ya yi aiki a Yola tun 1970 kafin a kawo shi Kano a 1996.

Shi Fatrik na fari ya tsufa a ƙasar bautarsa, yana sauraron kisa ko sāke kamu kowace rana, yana roƙon Allah abu ɗaya, kada ya rabu da mutanen da aka ba shi. Waɗansu littattafan tarihi sun sa rasuwarsa a 461, waɗansu a 493, ranar dai 17 ga Maris a ke riƙe da ita, a garin Dawunfatrik kuma a ke nuna kabarinsa. Wajen shekara ta 807 wani magatakarda mai suna Fardomnak ya kwafe shaidarsa a kan fata a garin Arma. Littafin yana nan har yau a ɗakin karatu na kwalejin Tiriniti a birnin Dabilin.